Ranar Wesak ta Mabiya Addinin Buddha: Tambayoyi da Amsoshi

Ɗalibanmu da ke karatu a Indiya da Malesiya, da 'yan kasuwar da ke zuwa sari Bankok, da masu rakiyar marasa lafiya asibitocin Asiya, sukan wayi gari a watan Mayu su tarar an rufe ofisoshi, an rataye fitilu a tituna, mutane sanye da fararen kaya suna ta tururuwa zuwa haikali. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi maimaitawa game da wannan rana.

Mece ce Wesak, kuma daga ina sunan ya samo asali?

Wesak ita ce rana mafi girma a kalandar mabiya addinin Buddha. Sunan ya fito ne daga Wesakha, wani wata a tsohuwar kalandar Indiya wanda yakan faɗo tsakanin Afrilu da Mayu, kuma ana yin bikin ne a ranar da watan ya cika, wato daidai lokacin da mu muke cewa daren sha huɗu. Kowace ƙasa da yadda harshenta ya lanƙwasa sunan: Wesak a Siri Lanka da Malesiya, Waisak a Indunusiya, Wisakha Buca a Tailan. A Indiya da Nefal kuwa an fi cewa Buddha Purnima ko Buddha Jayanti.

A mazhabar Terabada, wadda ta fi ƙarfi a Siri Lanka da Tailan da Miyanma da Kambodiya da Lawos, an yi imani cewa abubuwa uku na rayuwar Buddha sun auku ne a rana irin wannan, a shekaru daban-daban: haihuwarsa, da farkawarsa, da rasuwarsa. Shi ya sa ranar take ɗauke da murna da jimami a haɗe.

Wane ne Buddha, kuma a ina waɗannan abubuwa uku suka faru?

Buddha laƙabi ne, ma'anarsa wanda ya farka. Sunan mutumin Siddata Gotama, ɗan sarautar ƙabilar Sakiya, mahaifinsa Suddodana, mahaifiyarsa Maya. An haife shi a lambun Lumbini, wanda yau yake kudancin Nefal kusa da iyakar Indiya, kuma har yanzu akwai ginshiƙin dutse da Sarki Ashoka ya kafa a wurin a ƙarni na uku kafin Miladiyya, ɗauke da rubutun da ke cewa a nan aka haife shi. An sake gano ginshiƙin a 1896.

Bisa ruwayar mabiyansa, ya tashi cikin daula, an tsare shi daga ganin wahalar duniya, har ranar da ya fita gari ya ga tsoho, ya ga majinyaci, ya ga gawa, ya kuma ga wani mai zuhudu. Yana ɗan shekara 29 ya bar fada da matarsa da ɗansa Rahula. Ya shafe shekara 6 yana azabtar da kansa da yunwa har ya kusa hallaka, sannan ya gane cewa wannan hanyar ba ta ɓullewa, ya karɓi shinkafa da madara daga hannun wata mata mai suna Sujata, ya zauna gindin wata bishiya a wurin da yau ake kira Bod Gaya a jihar Bihar ta Indiya. A nan ne aka ce ya farka, yana da shekara 35. Bishiyar dangin cediya da durumi ce, kuma tun daga lokacin ake kiranta bishiyar Bodi.

Ya yi shekara 45 yana yawon koyarwa a kwarin kogin Ganga, ya rasu a Kushinagar yana da shekara 80. Masana ba su yi ittifaƙi a kan shekarun ba: lissafin gargajiya ya sa rasuwarsa a 544 ko 543 kafin Miladiyya, masu binciken tarihi sun daɗe suna cewa 483, wasu na baya-bayan nan kuma suna matso da ita kusa da 400. Wannan lissafin gargajiya yana da tasiri a kan takardun yau da kullum, kamar yadda aka bayyana a amsar da ta shafi shekarar 2569.

Me ake nufi da cewa ya farka?

Wannan ita ce zuciyar ranar, domin ba don farkawar ba da haihuwarsa ba ta bambanta da ta kowane ɗan sarki ba. Abin da mabiyansa suke nufi shi ne cewa a wannan dare ya gano tushen wahalar rayuwa da hanyar kuɓuta daga gare ta, abin da aka taƙaita cikin gaskiya huɗu: rayuwa ba ta rabuwa da ƙunci da rashin gamsuwa, tushen ƙuncin shi ne ƙishirwar zuciya da kwaɗayi, ƙuncin yana iya ƙarewa idan wannan ƙishirwa ta mutu, sannan akwai tafarki mai rassa takwas da ke kai mutum can, wanda ya haɗa gyaran fahimta da niyya, da gyaran magana da aiki da sana'a, da horon zuciya.

A aƙidarsu, mai rai yana mutuwa yana sake haihuwa gwargwadon ayyukansa, kuma wanda ya kashe wutar kwaɗayi da ƙiyayya da jahilci ya kai ga Nibbana, kalmar da asalinta take nufin mutuwar wuta. Saboda haka ba sa kallon rasuwar Buddha a matsayin mutuwa irin ta kowa, suna kiranta Farinibbana, wato fita ta ƙarshe wadda babu komawa bayanta. An ruwaito cewa wasiyyarsa ta ƙarshe ita ce duk abin da aka harhaɗa sai ya wargaje, don haka almajiransa su dage kada su yi sakaci, kuma sufaye, wato masu zuhudun addinin da suka bar duniya suka zauna a haikali, sukan janyo wannan magana a huɗubar Wesak.

Bauta masa suke yi a wannan rana?

Idan ka tambayi malamin Terabada zai ce maka Buddha mutum ne kuma malami, bai halicci kowa ba, ba ya kuma amsa roƙo, domin ya riga ya wuce. Rusunawar da ake yi gaban mutum-mutuminsa girmamawa ce da tunatar da kai. Addinin nasu bai ginu a kan imani da Mahalicci ba, kuma wannan ne babban bambancinsa da Musulunci da Kiristanci.

Sai dai abin da ke littafi daban, abin da talaka yake yi daban. Mutane da yawa suna zuwa haikali da buƙatun lafiya da jarrabawa da kasuwa, kuma a mazhabar Mahayana ta Sin da Koriya da Jafan da Biyetnam akwai wasu Buddhohi da bayin tausayi, irin su Amitaba da Guwan Yin, waɗanda ake kiran sunansu a nemi agaji. A ganina duk wanda ya ce “bauta ce tsantsa” ko ya ce “babu bauta sam” ya faɗi rabin labari ne.

Yaushe ake yin Wesak, kuma me ya sa ƙasashe ba sa yin ta rana ɗaya?

Galibi a watan Mayu take faɗowa, jefi-jefi ta shiga farkon Yuni. Kalandar tasu ta wata ce, amma ba kamar Hijiriyya ba, wadda take zagaya damina da rani saboda shekararta ta gaza ta rana da kusan kwana 11. Su sukan ƙara wata guda a wasu shekaru, kusan sau 7 a cikin kowace shekara 19, domin watanni su ci gaba da tafiya tare da yanayi. Matsalar ita ce ƙasashen ba su da lissafi ɗaya na inda za a saka ƙarin watan, kuma lissafi suke bi, ba duban jinjirin wata ba.

Shekarar 2023 ta nuna wannan ƙarara. Malesiya ta yi hutunta ranar 4 ga Mayu, Indiya da Siri Lanka ranar 5 ga Mayu, amma Singafo sai 2 ga Yuni, Tailan 3 ga Yuni, Indunusiya 4 ga Yuni. Wato maƙwabta biyu, Malesiya da Singafo, da gada kawai ta raba su, sun yi bikin da tazarar kusan wata guda. Ƙasashen gabashin Asiya kuma tsarinsu dabam ne gaba ɗaya, duba amsar da ta yi bayanin bambancin ƙasashe.

Yaya mai riƙo da addinin yake tafiyar da yininsa?

Yakan yi sammako zuwa haikali, sau da yawa cikin fararen kaya marasa ado. Ana farawa da furta neman mafaka ga abubuwa uku, wato Buddha, da Damma (koyarwarsa), da Sangha (jama'ar sufaye), sannan sufi ya karanto alkawura biyar cikin Fali, tsohon harshen nassoshinsu, jama'a suna maimaitawa: ba kashe mai rai, ba ɗaukar abin da ba a ba ka ba, ba alfasha, ba ƙarya, ba shan abin maye. Waɗannan biyar na kullum ne ga kowane mabiyi, ranar Wesak sabunta su kawai ake yi.

Masu himma sukan ɗauki alkawura takwas na kwana ɗaya, su rayu kusan irin rayuwar sufaye. Sukan ƙaurace wa iyali gaba ɗaya, su bar kiɗa da rawa da kallo da turare da kwalliya, su bar kwanciya a gado mai tsawo ko na alfarma, sannan ba sa cin abinci daga tsakar rana har wayewar gari. Wannan na ƙarshe shi ne wasu suke kira azuminsu, amma juyin namu ne: ana ci da safe, a kame da yamma da dare, kuma an yarda a sha ruwa. Sauran yinin yana tafiya ne a sauraron huɗuba, da karatun nassoshi, da zaman shiru na tattara hankali a kan numfashi ko a kan fatan alheri ga dukkan halitta.

Kafin tsakar rana ake kai wa sufaye abinci, domin su ba sa ci bayan haka a kowace rana. A Tailan, idan dare ya yi, jama'a sukan zagaya babban ɗakin haikali sau uku ta hannun dama, kowa riƙe da kyandir da turaren tsinke uku da furen bado, zagaye ɗaya domin Buddha, ɗaya domin Damma, ɗaya domin Sangha.

Mene ne ma'anar fure da kyandir, da kuma wankan jaririn da ake yi?

Furen da aka ajiye da safe kafin yamma ya yanƙwane, kuma baitin da ake karantawa wajen miƙa shi yana cewa ne jikin mai miƙawar ma haka zai lalace. Kyandir yana wakiltar hasken sani, turare kuma ƙamshin kyakkyawan hali. Bado yana da matsayi na musamman saboda yana tsirowa daga taɓo ya fito saman ruwa tas.

Wankan jaririn al'adar Mahayana ce. Ana tsayar da ƙaramin mutum-mutumin yaro a cikin kwano da aka ƙawata da furanni, hannunsa ɗaya yana nuna sama ɗaya yana nuna ƙasa, kowa ya zo ya ɗebi ruwa da ludayi ya zuba masa a kafaɗa, da niyyar wanke zuciyarsa shi mai zubawar.

Me ya sa ake yawan ambaton Siri Lanka idan ana maganar Wesak?

Saboda a can ne bikin ya fi mamaye rayuwar jama'a. Kowace cikar wata ranar hutu ce a ƙasar, suna kiranta Poya, amma Wesak kwana biyu ake ba ta, a rufe mahauta da shagunan giya. Makonni kafin ranar yara suke fara haɗa fitilun gora da takarda mai launi, a rataye a ƙofar gida. A manyan mahaɗar tituna, musamman a Kwalambo, ana kafa dogayen allunan da ake kira torana, masu ɗauke da dubban ƙwayayen lantarki, kowane allo yana ba da labari ɗaya cikin hotuna daga Jataka, wato labarai 547 na rayuwar da aka ce Buddha ya yi a baya.

Abin da ya fi burge baƙo shi ne dansala, rumfunan ciyarwa kyauta da unguwanni da ƙungiyoyin direbobi da 'yan kasuwa suke kafawa a bakin hanya da kuɗin karo-karo. Wata rumfar shinkafa da miya take rabawa, wata shayi, wata dafaffen rogo, kuma matasa sukan tsaya da tuta suna tare motoci suna roƙon mutane su sauko su ci. Ba a tambayar addinin kowa. Wanda ya san yadda ake rabon kunu da ƙosai a ƙofar gidaje da azumi zai gane yanayin nan take. A aƙidarsu kyauta tana rage maƙon zuciya tana kuma tara wa mai yi sakamakon alheri, don haka mai bayarwa ne yake ganin an yi masa alfarma.

Ta yaya bikin ya bambanta a sauran ƙasashe?

A Miyanma ranar tana zuwa ne a watan Kason, tsakiyar zafin bazara, don haka ibadar da ta fi fice ita ce ɗaukar ruwa a tulu a zuba a gindin bishiyar Bodi. A Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi, Waisak hutun ƙasa ce tun 1983, kuma ana yin jerin gwano na kusan kilomita 3 daga haikalin Mendut zuwa Borobudur a tsibirin Jaba, ginin da aka yi tun ƙarni na 8 zuwa na 9, ana ɗauke da ruwan da aka ɗebo daga maɓuɓɓugar Jumprit da wutar da aka kunno daga Mrapen. Malesiya ma tana ba da hutu, kuma jerin gwanon dare na unguwar Brickfields a Kwala Lamfur sananne ne.

Gabashin Asiya ya raba abubuwan uku. A Koriya ta Kudu da Hong Kong haihuwar kaɗai ake tunawa, ranar 8 ga wata na huɗu a kalandar gargajiya, kuma bikin fitilun bado na birnin Seoul ya shiga jerin al'adun da UNESCO ta amince da su a 2020. Jafan ta ɗaure ranakun a kalandar Miladiyya: haihuwa 8 ga Afrilu, inda ake wankan jaririn da wani shayi mai zaƙi, farkawa 8 ga Disamba, rasuwa 15 ga Fabrairu. 'Yan Tibet suna girmama watan Saga Dawa gaba ɗayansa, musamman ranar 15.

Tun yaushe ake yin ta, kuma yaushe duniya ta amince da ita?

Tsofaffin littattafan tarihin Siri Lanka sun ambaci sarakunan da suka yi bikin Wesak tun kafin Miladiyya. Siffar da take da ita yau, ta hutun gwamnati da tuta, ta zamani ce. A 1885 Turawan Ingila masu mulkin tsibirin Siri Lanka suka mayar da ita ranar hutu bayan matsin lambar 'yan farfaɗo da addinin, cikinsu har da Ba'amurke Henry Steel Olcott, kuma a shekarar ne aka fara ɗaga tutar nan mai shuɗi da rawaya da ja da fari da ruwan lemo. A 1950 taron farko na ƙungiyar mabiya Buddha ta duniya, wanda aka yi a Siri Lanka, ya nemi ƙasashe su ware ranar. A Disambar 1999 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ita ta ƙuduri mai lamba 54/115, aka fara kiyaye ta a ofisoshin Majalisar a 2000.

Na ga an rubuta 2569 a takardun Tailan. Yana da alaƙa da Wesak?

Yana da ita. Shekarar Buddha ana ƙirga ta ne daga rasuwarsa. Tailan tana ƙara 543 a kan Miladiyya, don haka 2026 ita ce 2569, kuma ɗan kasuwa zai ga haka a rasit da ranar lalacewar kaya. Siri Lanka da Miyanma suna gaba da shekara ɗaya a lissafi, shi ya sa suka yi bikin cika shekara 2,500 a Wesak ta 1956, Tailan kuma ta yi nata a 1957.

Me ya sa ake sakin tsuntsaye da kifaye?

Aiki ne na tausayi da ya samo tushe daga alkawarin farko. Amma ya zama kasuwa: masu tarko suna kama tsuntsaye musamman domin a saya a saki, da yawa suna mutuwa a keji, kuma kunkuru da kifin da aka zuba a ruwan da ba nasu ba ko dai su mutu ko su cinye na wurin. Hukumomin Singafo sukan gargaɗi jama'a duk shekara a kan haka, kuma haikalai da dama yanzu suna karkata mutane zuwa ba da jini, ko barin cin nama, ko kai ziyara gidajen tsofaffi da marayu.

Idan ranar ta hana kisa ce, yaya batun Musulmin Rohingya?

Tambaya ce da take bisa hanya. A 2017 sama da mutum 700,000 'yan Rohingya suka tsere zuwa Bangaladash sakamakon farmakin sojojin Miyanma, kuma wasu sufaye masu kishin ƙabila, wanda ya fi suna cikinsu shi ne Wiratu, sun daɗe suna hura wutar ƙin Musulmi. Siri Lanka ma ta ga hare-hare a kan Musulmi a 2014 da 2018 da 2019. Babu wata hanya da za a daidaita wannan da alkawarin da ake maimaitawa a safiyar Wesak na barin kashe ko da ƙwaro, kuma daga cikin mabiya addinin an samu masu faɗin haka. Dalai Lama, babban jagoran mabiya Buddha na Tibet, ya ce a 2017 da Buddha yana nan da ya taimaki waɗannan Musulmi. Rikicin ya fi jingina da siyasar ƙabila da ƙasa, amma an sa masa rigar addini, kuma masu sa rigar suna halartar bikin kamar kowa.

Ni baƙo ne kuma ba mabiyin addinin ba. Me ya kamata in sani?

Ta fuskar harkoki, ofisoshin gwamnati da yawancin bankuna suna rufewa a Siri Lanka da Tailan da Malesiya da Singafo da Indunusiya da Nefal, amma manyan kantuna sukan buɗe. A Indiya hutun ma'aikatun gwamnatin tarayya ne, kasuwanni kuwa suna ci kamar kullum, kuma a babban yankin Sin ba hutu ba ne sam, don haka mai sari a Guwanzu ba zai ga wani canji ba. Mai neman sabunta biza ko aika kuɗi ya duba kalandar ƙasar da yake ciki ta wannan shekarar, saboda dalilin da aka bayyana a amsar da ta shafi bambancin ranaku.

Babu wanda zai tilasta wa baƙo rusunawa ko miƙa fure, kuma iyakar abin da Musulmi ko Kirista zai halarta magana ce da zai yi da malamansa. Abincin dansala galibi babu nama a cikinsa, amma babu laifi a tambaya. Wanda ya shiga harabar haikali ya cire takalmi da hula, ya rufe kafaɗu da gwiwoyi, kada ya miƙe ƙafa ta fuskanci mutum-mutumin ko sufi, mace kuma ba ta taɓa sufi ko ba shi abu hannu da hannu a Tailan. A Siri Lanka a kiyayi ɗaukar hoto an juya wa mutum-mutumin baya ko ana wasa da shi, domin abin yana kai mutum hannun 'yan sanda. A 2014 an kori wata 'yar yawon buɗe ido daga Ingila saboda zanen Buddha da ke dantsenta.